Yadda Ake Ceto Bayanai Daga Rumbun Kwamfuta Mai Shirin Mutuwa

Gabatarwa

A bazarar shekarar 2023 na shafe mako 6 ina zagaya ƙasar Katagum ina naɗar muryoyin dattawa domin kundina na kammala digiri a kan karin harshen Guddiranci. Na faro daga Azare, na je Cinade da Madara, na ƙarasa tsohon garin Katagum wanda Malam Zaki ya kafa, wato hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki a yau. Duk hirar da na naɗa da waya nakan juye ta a kwamfutata ta tafi-da-gidanka, sannan in goge ta wayar don in sami wuri. Hira 41 ke nan, babu kwafinsu a ko'ina. Wata safiya sai kwamfutar ta ɗauki kusan minti 20 kafin ta buɗe, da na taɓa jakar muryoyin kuma ta sandare. Daga cikin dattawan nan akwai wanda ya riga mu gidan gaskiya wata 2 bayan hirarmu. Abin da na koya a wannan mako shi nake son gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai.

Yadda rumbun yake aiki

Rumbun ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis, ya samo asali ne daga kamfanin IBM na Amurka a shekarar 1956. Na farkon faifai 50 gare shi, amma bai ɗauki abin da ya wuce haruffa miliyan 5 ba. Har yau tsarin bai sauya ba: faifai ne mai maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wani ɗan hannu mai karatu da ke shawagi a samansa ba tare da ya taɓa shi ba. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Faɗuwa, ko zafi irin namu na watan Afrilu, ko ɗaukewar wuta ana tsakar rubutu, duk suna iya lalata wasu gurabe na faifan. Idan hannun ya goge faifan, ɓarɓashin da ya tashi shi zai je ya ƙarce wani wurin. Saboda haka rumbun da ya fara ciwo, kowane kunnawa ƙara masa ciwo yake yi.

Kuskuren farko

A nan na yi wauta: kwana 2 ina kashewa ina kunnawa. Da na gaji na kai wa wani mai gyara, ya duba ya ce, “Malam, ai fomatin kawai za a yi mata a sa sabuwar Windows.” Na ce, “Muryoyin fa, maigida?” Ya ce sai haƙuri. Na ɗauki kayana na fito. Ba mugunta ya yi nufi ba, shi kwamfuta yake gyarawa, ni kuwa abin cikinta nake nema. A guji ɗora sabuwar manhaja a kan rumbu mara lafiya, a guji sa masa chkdsk, domin duk rubutu suke yi a kansa. Masu cewa a sa shi a firji su ma a ƙyale su, raɓa ce za ta taru a ciki. Kwance murfinsa a shago kuwa, balle lokacin hunturu, kashe shi ne murus.

Matakan ceto

Wani yayana da ya karanta kimiyyar kwamfuta shi ya karɓi aikin. Da farko ya kasa kunne. Ya ce in da rumbun yana ƙas-ƙas kuma kwamfuta ba ta ganinsa, to babu manhajar da za ta yi amfani, sai kamfanonin da ke da ɗaki marar ƙura, kuma kuɗinsu ba na ɗalibi ba ne. Nawa yana juyawa lafiya, karatun ne ke yi masa wuya. Ya cire shi, ya haɗa shi da wata kwamfutar, manhajar CrystalDiskInfo ta nuna gargaɗi cewa gurabe da yawa sun lalace.

Sai muka sayi wani rumbu, domin dole ne girmansa ya kai na tsohon ko ya fi shi. Ya tayar da kwamfutar da Linux daga filashi, ya sa wata manhajar kyauta mai suna ddrescue ta kwafe tsohon gaba ɗaya. Hikimarta ita ce takan fara kwashe wuraren da ke da lafiya, ta tsallake masu gardama, sai daga baya ta dawo ta lallaɓa su. Tana kuma rubuta inda ta tsaya, don haka da aka ɗauke wuta cikin dare, washegari daga nan ta ci gaba. Aikin ya ci kwana 3. Daga nan muka naɗe tsohon muka ajiye, duk sauran gwaji a kan kwafin aka yi shi.

Jakar muryoyin ba ta buɗu ba ko a kwafin. Dalili shi ne, rumbu yana da wani jadawali mai nuna inda kowane fayil yake, kamar ƙunshiyar littafi. In ƙunshiya ta yage, shafuka suna nan. Manhajar PhotoRec ta Bafaranshen nan Christophe Grenier ba ta kula da jadawalin, gurbi-gurbi take bi tana gane fayil daga alamar farkonsa. Illarta ita ce sunaye sukan ɓace, sai lambobi. Mai sabon rumbu irin na SSD ya sani cewa shi abin da aka goge yakan share shi da kansa, samo shi da wuya.

Mako guda na yi ina sauraron fayil-fayil ina mayar musu da suna, ina gane kowa da muryarsa. Hira 38 suka dawo cif. Biyu sun tafi, na koma Madara na sake su. Ta marigayin ta dawo, amma daga minti na 12 zuwa na 19 babu komai sai shiru, daidai inda ya fara lissafo sunayen kayan saƙa da Guddiranci. Haka na rubuta a babi na 4 na kundin.