Filin Shawara: Littafin wasan ya ƙi shiga kaina

Anti, ina aji biyu a babbar sakandare. An ba mu Jatau Na Kyallu mu karanta, amma da na buɗe sai barci: sunan wane, maganarsa, sunan wance, maganarta, shi ke nan. Ƙawayena 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo sun ce sai a dandamali ake jin daɗinsa. Baba kuwa ya hana ni shiga, ya ce 'yarsa ba za ta tsaya gaban maza tana rawar kai ba. Ga jarrabawa ta matso. Yaya zan yi?

'Yarki daga Funtuwa

'Yata, ƙawayenki sun faɗi gaskiya, amma rabinta. Littafin wasa garin tuwo ne: abinci ne kam, sai dai ba a cin sa sai an tuƙa. Marubucin labari yakan gaya miki wance ta harari wane, ta ja tsaki, ta juya baya. Marubucin wasa kuwa maganar kawai yake ajiye miki, ya bar wa ɗan wasa hararar da tsakin. Shu'aibu Maƙarfi, marubucin littafin naki, shi ma don kunne ya fara rubutu, domin a rediyo mutane suka san wasanninsa kafin a buga su. Haka a Ingila: sai a 1623, shekara 7 bayan rasuwar Shekspiya, abokan sana'arsa suka tattara wasanninsa a kundi ɗaya. Ki tambayi Baba labarin Samanja, wato ɗan wasan nan marigayi Usman Baba Pategi. Da za a rubuta barikancinsa a takarda, babu tsawar nan, babu zare ido, da ƙyar za ki murmusa.

Amma kada ki raina karatu. Mai kallo abin da aka zaɓa masa yake gani. In 'yar wasa ta mai da Kyallu muguwa tun fitowarta ta farko, an gama yanke mata hukunci, ke naki tafi ne kawai. Mai littafi a hannu tana iya tsayawa, ta koma baya, ta tambayi kanta: shin Jatau yaudararsa aka yi, ko shi ya kai kansa da idonsa biyu? Irin tambayar da malamai ke so ke nan, kuma ba a amsa ta da “na ga wasan”.

Dabarar ita ce ki ba littafin baki. Bayan sallar isha'i ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ki tara ƙannenki da yayyenki, ki raba musu sunaye. Fitowa ɗaya ta isa a dare. In kin karanta magana cikin fushi ba ta zauna ba, sake ta da izgili, ko da lallashi. Inda kika ji ta zauna, ki sa alama da fensir a gefen shafi. Yaran da ke tashe da azumi ba su da dandamali, ba su da labule, kuma unguwa na fita kallonsu.

Maganar Baba kuwa, ban yarda ki shiga ƙungiya a ɓoye ba, ranar da ya ji za ki rasa wasan, ki rasa yardarsa. Ki bar shi ya riƙa jiyo ku daga turaka, domin irin labarin Jatau, mijin da ya watsar da iyalinsa saboda wata, ba baƙo ba ne ga dattawa. In kin ga ya fara gyara muku karin magana, sai ki roƙi Mama ta nema miki izinin zuwa kallo ranar da 'yan makarantarku za su yi nasu, da rakiyar yayanki.

Anti