Zaɓen Hanyar Koyon Tuƙin Jirgin Sama: Nazarin Matakan da ke Tsakanin Ɗalibi da Kujerar Matuƙi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyin da matashi zai bi ya zama matuƙin jirgin jigilar fasinja, bisa ƙa'idojin duniya da yanayin Nijeriya. An kwatanta hanyoyi uku na samun horo, aka nuna cewa lafiyar jiki, da kuɗin da zai kai ɗalibi ƙarshen tafiya, da ƙasar da ta ba da lasisi, su ne ya kamata su yanke hukunci kafin a zo maganar sunan makaranta.

1.0 Gabatarwa

Tun 1964 da aka kafa kwalejin koyar da tuƙin jiragen sama ta Zariya da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya, wannan sana'a take cikin burin matasan Arewa. Daga baya gwamnatocin jihohi sun shigo ciki. Jihar Kwara ta kafa tata kwalejin a Ilorin, ita kuwa Kano ta tura ɗalibai 100 zuwa Jodan a wa'adin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na 2011 zuwa 2015. Duk da haka, tambayar da iyaye suka fi yi ita ce wace makaranta ce ta fi suna. Matsayin wannan maƙala shi ne a fara lissafi daga ƙarshe, wato daga abin da kamfanin jigila yake nema a hannun mai neman aiki, sannan a dawo baya.

2.0 Matakan Lasisi

Yarjejeniyar Cikago ta 1944 ita ce ta haifar da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, wadda ke shimfiɗa mafi ƙarancin sharuɗɗan da ƙasashe ke ɗora dokokinsu a kai. Matakan guda uku ne.

Na farko shi ne lasisin tuƙi na ƙashin kai, wanda ke buƙatar shekara 17 da awa 40 na tuƙi. Mai shi ba ya karɓar lada a kan tuƙinsa. Na biyu shi ne lasisin tuƙin kasuwanci, mai buƙatar shekara 18 da awa 200, ko awa 150 ga wanda ya bi kwas ɗin da hukuma ta amince da shi. Na uku shi ne lasisin tuƙin jiragen jigila, mai buƙatar shekara 21 da awa 1,500, kuma sai da shi ake zama kyaftin na babban jirgin fasinja.

A kan waɗannan akwai shaidu na ƙari: shaidar tuƙi da na'urori a lokacin da ba a ganin gaba, da shaidar tuƙa jirgi mai inji fiye da ɗaya, da kuma shaidar nau'in jirgi, wadda ke ba matuƙi izinin tuƙa wani samfuri takamaimai kamar Boeing 737.

3.0 Sharuɗɗan da ke Gaban Biyan Kuɗi

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya yi shi ne gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya a wurin likitan da hukuma ta amince da shi. Ana duba gani, da rarrabe launuka, da ji, da zuciya, da hawan jini. Sanya tabarau ba ya hana samun shaidar matuƙar yana gyara ganin, amma farfaɗiya tana hanawa. Hikimar gabatar da wannan gwaji ita ce lasisin farko yana wadatuwa da shaida mai daraja ta biyu, don haka ɗalibi na iya kashe kuɗi masu yawa kafin ya gano cewa jikinsa ba zai kai shi mataki na gaba ba.

Abu na biyu shi ne harshe. Tun 2008 ICAO ta wajabta wa matuƙan da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe su kai aƙalla mataki na 4 cikin 6 na ƙwarewa a Ingilishi, domin da shi ake magana da masu kula da sararin sama.

4.0 Hanyoyi Uku na Horo

4.1 Hanyar Bai-ɗaya: Ɗalibi yana shiga makaranta ɗaya ya zauna har ya fito da lasisin kasuwanci da shaidunsa. Amfaninta shi ne darasi yana bin darasi, hannu ba ya sanyi. Illarta ita ce tana neman kuɗi masu yawa cikin ɗan lokaci, kuma idan kuɗin suka yanke a tsakiya, ɗalibi na iya fita ba tare da wata cikakkiyar shaida ba.

4.2 Hanyar Daki-daki: Ana samun kowane lasisi shi kaɗai, a biya gwargwadon hali. Ta dace da mai aiki ko mai dogaro da taimakon dangi. Sai dai dogon hutu tsakanin matakai yana sa a maimaita darussa, kowace maimaitawa kuwa awa ce ta kuɗi.

4.3 Hanyar Kamfani: Wasu kamfanoni, kamar na ƙasar Habasha, suna da makarantunsu inda suke horar da waɗanda za su ɗauka. A 2006 ICAO ta fito da lasisin tuƙin haɗin gwiwa mai awa 240, wanda mafi yawansa ake yi a na'urar kwaikwayon tuƙi. Wannan hanya ta fi kusa da aiki, amma gurabenta kaɗan ne, kuma tana ɗaure ɗalibi ga kamfani ɗaya.

A kowace hanya akwai batun gida ko waje. A Arewa hazon hunturu yana rage kwanakin tashi, domin horon farko da ido ake yin sa. A waje kuwa da kuɗin ƙetare ake biya, kuma faɗuwar naira bayan sauya tsarin canji a watan Yuni na 2023 ta nuna yadda kasafi zai iya rushewa ɗalibi yana tsakiyar karatu. Haka kuma, lasisin wata ƙasa sai hukumar Nijeriya ta tantance shi ko ta sauya shi kafin a tuƙa jirgi mai rajistar ƙasar nan.

5.0 Giɓin da ke Bayan Lasisi

Nan ne lissafin mutane da yawa yake tsayawa. Wanda ya fito da awa 200 a kan ƙaramin jirgi bai isa ya zauna a kujerar mataimakin matuƙi ba sai ya sami shaidar nau'in jirgi, wadda ke da nata kuɗin daban, kuma kamfanoni da dama suna fifita wanda ya zo da ita. Yana zaman jira kuwa shaidunsa na ƙarewa, domin ta lafiya ma duk wata 12 ake sabunta ta. A Amurka giɓin ya fi faɗi, don tun 2013, bayan haɗarin jirgin Colgan Air na 2009, ƙa'idar gama-gari ita ce mataimakin matuƙi ma ya tara awa 1,500. Hanyar da aka saba cike wannan giɓi ita ce samun shaidar koyarwa, mutum ya riƙa tara awoyi ana biyan sa.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa babu hanya ɗaya da ta dace da kowa. Mai cikakken kuɗi a hannu ya fi dacewa da hanyar bai-ɗaya, mai tarawa a hankali ya bi daki-daki, wanda ya sami gurbin kamfani kuwa ya karanta sharuɗɗan yarjejeniya da kyau kafin ya sa hannu. Ana ba iyaye da gwamnatocin da ke ɗaukar nauyin ɗalibai shawarar su sanya kuɗin shaidar nau'in jirgi da na sauya lasisi cikin kasafi tun ranar farko. Idan kasafin ya tsaya a bikin yaye ɗalibai, matashi zai dawo gida da takarda alhali saura mataki guda tsakaninsa da aiki.