Darasin Mako: Kafin Ka Nemi Bashin Gida, Fara Wanke Sunanka

Da yawanmu da muka zo Potiskum daga Kano, Katsina da Zariya mun haura shekara goma muna zaman haya. A nan aka haifi yaranmu, kuma duk shekara sai mai gida ya ƙara kuɗi. Shi ya sa maganar mallakar gida ba ta barin bakinmu.

A watan jiya wani ɗan uwa, dillali a kasuwar shanu, ya tare ni bayan isha'i ransa a ɓace. Ya ga gida, ya tara kusan rabin kuɗin, ya je wani banki neman cikon, aka ce sunansa ba shi da kyau. Ya ce: "Sakatare, ni da miliyoyi ke bi ta hannuna duk Laraba?" Da muka bi diddigi, ashe rancen korona ne da ya karɓa a 2020, ya ɗauka rabon gwamnati ne, bai biya ko sisi ba.

To, ga yadda abin yake. Tun da aka kawo BVN a 2014, duk asusun da kake da shi a ƙasar nan lamba ɗaya ce ta ɗaure su. Akwai kamfanoni uku da Babban Banki ya ba lasisin ajiye tarihin bashin mutane: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Kafin banki ya ba ka komai sai ya tambaye su. Rancen noma na Anchor Borrowers, ɗan bashin manhajar waya da ka manta, duk suna iya fitowa. Daga Agusta 2020 ma an ba bankuna damar cire bashinsu daga asusunka na wani bankin daban. Sauya banki ba ya ɓoye mutum.

Dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Ka karɓa ka karanta. In kuskure ne, ka rubuta ƙorafi a gyara. In gaskiya ne, ka je wurin masu bashin, ku yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan a rubuce. Idan ka gama, kar ka fito sai da takardar shaidar ka biya, sannan ka bibiya har a gyara rahoton. Nan mutane ke sakaci. Ko babu maganar gida ma, bashi bashi ne, na gwamnati ko na maƙwabci, kuma mun san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kansa take magana.

Sai asusu. Mu 'yan kasuwa kuɗinmu na aljihu ne, ko a asusun yaron shago, ko wurin mai POS. Banki bai san wannan ba. Abin da ya shiga asusunka da sunanka, wata bayan wata, shi kaɗai yake gani.

Game da riba: Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana ba da rance kan kashi 6 cikin ɗari, har shekara 30, kuma mai sana'ar kansa na iya shiga. Amma ruwa ne, a tambayi Malam tukuna. Bankunan da ba sa ruwa, irin su Jaiz da TAJ, su kan sayi abu su sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, ko su ba ka haya har ya zama naka. Sai dai kar a ruɗe, su ma rahoton nan suke dubawa.

Takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu ba ta isar banki jingina, sai takardar mallaka ta gwamnati irin su C of O. Ka tambayi mai sayarwa tun kafin ka ba da kafin alƙalami.

Ɗan uwanmu dai ya fara biya. Wanda yake son a taya shi neman rahotonsa ya same ni a ofishin masallaci ranar Asabar bayan la'asar, ya zo da lambar BVN ɗinsa.