Ɗumin gidan maciji: ka sayi tamostat kafin ka sayi mesa

Tambaya: Malam, ina zaune a Jos, kuma na yi niyyar fara kiwon ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa in ta tsorata, wadda 'yan kasuwa ke kira bol faiton. Na sayi akwatin gilashi. Mai shago ya haɗa ni da wata shimfiɗar ɗumi ta lantarki, ya ce in jona ta a bango kawai. Ya isa haka?

Amsa: Bai isa ba, ɗan'uwa, kuma gara da ka tambaya tun mesar ba ta iso ba. Shimfiɗar da aka jona kai tsaye a bango ba ta da abin da zai ce mata ta tsaya. Tana iya kai gilashin da ke kanta sama da digiri 45 a ma'aunin Salshiyas, wannan kuwa ya isa ya dafa fatar cikin maciji. Kada ka ɗauka zai ji zafi ya gusa. Maciji yakan kwanta a kan abin da ke ƙona shi har ɓawon cikinsa ya yi bororo, musamman idan iskar akwatin da sanyi, domin bayansa na gaya masa bai ɗumama ba tukuna.

Jikin maciji ba ya haɗa ɗuminsa kamar na akuya ko kaza, daga waje yake samu. Wannan mesar 'yar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ce, akasarin waɗanda ake fitarwa Turai da Amurka ma daga Gana da Togo da Benin suke. A dawa wuni take a ramin ɓera ko cikin suri, inda zafin rana ba ya kai mata sosai, sanyin asuba ma haka. In tana son ɗumi ta matso bakin rami, in ya ishe ta ta koma ciki. Wannan zaɓin shi za ka mayar mata a akwati. Gefe ɗaya ya zama mai ɗumi, inda wurin kwanciya zai kasance digiri 31 zuwa 32. Ɗaya gefen ya tsaya wajen 25 zuwa 26. Da dare kada ko'ina ya sauka ƙasa da 23. Kowane gefe kuma da nasa maɓoya, matsattsiya, mai ƙofa ɗaya. In maɓoyar guda ce, za ta zaɓi ɓuya a kan lafiyarta, ta zauna a ciki ko tana gasuwa ko tana daskarewa.

Abin da zai riƙe maka wannan lissafi shi ne tamostat. Na san wasu kanikawanmu na cire ta daga mota su ce ta ƙasar sanyi ce. Kada ka kawo wannan tunani nan. Akwai iri uku a kasuwa. Mai kunnawa da kashewa ita ce mafi araha, kuma ta wadatar wa shimfiɗa. Mai aika wuta guntu-guntu ta dace da kwan tangaran, wanda ke ba da zafi ba haske. Mai rage ƙarfin wuta a hankali ita ake haɗawa da kwan fitila mai haske, don kada ya dinga ƙiftawa ya dami dabbar. Kowane abin ɗumi da ke akwatin sai ya bi ta tamostat, ba togaciya.

Inda mutane suka fi ɓata aikin shi ne wajen ajiye kan wayar tamostat da ke jin zafi. Tamostat ba ta san komai ba sai abin da wannan ɗan kan ya gaya mata. In mesar ta ture shi ya faɗa gefen sanyi, ko ya shiga kwanon ruwa, na'urar za ta ɗauka akwatin ya huce, ta saki wuta ba tsayawa. Saboda haka ga shimfiɗa, ka sa ta a waje, a ƙarƙashin gilashi, ta rufe kashi ɗaya cikin uku na ƙasan akwatin, sannan ka danne kan wayar tsakaninta da gilashin inda dabbar ba za ta kai gare shi ba. Ka ɗaga akwatin kaɗan a kan 'yan ƙafafu don iska ta ratsa, in ba haka ba zafi ya taru ya tsaga gilashin. A cikin akwati kuwa kada salatif ko wani abu mai danƙo ya shiga ko kaɗan. Yakan ɓantare ya manne a jikin maciji, cire shi kuma sai da fata.

Sai awo. Lambar da ka saita a tamostat ba ita ce zafin da cikin mesar ke ji ba. Ka nemi ma'aunin zafi mai lambobi guda biyu, ɗaya a kowane gefe, da kuma irin bindigar awon nan da aka riƙa nuna wa goshin mutane lokacin korona, amma wadda aka yi don auna saman abubuwa. Ka yaye abin da ka shimfiɗa a ƙasan maɓoyar ɗumi, ka auna gilashin tsirara, domin mesa na tona har ta kai gare shi. In gilashin ya wuce 33, rage. Ma'aunin roba mai allura da ake mannawa a bango ado ne kawai, yakan yi ƙarya da digiri da dama.

Ga wani abu da ya shafe ka kai da ke Jos. Shimfiɗa tana ɗumama abin da ya taɓa ta ne, ba ta ɗumama iska. A watan Disamba da Janairu, lokacin da asubar Jos ke sauka kusan digiri 10, ƙasan akwatinka zai yi ɗumi alhali iskar ciki ta yi sanyin da zai jawo ciwon huhu. Don haka ni dai na fi son ɗumi daga sama: kwan tangaran ko fitilar halojin a gefe ɗaya, a kan murfin raga mai kullewa, ko a ciki amma cikin kejin waya da mesar ba za ta iya naɗe kwan ba. Mazaunin kwan ya zama na tangaran, na roba narkewa yake. Sai dai irin wannan ɗumi na busar da iska, ga hunturu kuma da nasa bushewar, mesar kuwa tana son laima ta kai kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari, in ba haka ba saɓarta ta fita gutsi-gutsi. Ka rufe mafi yawan ragar, ka sa babban kwanon ruwa. Dutsen ɗumi na lantarki kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Jar fitilar dare ma ba ta da amfani, da dare duhu mesar take so.

Duba jikin kwalin kayan kafin ka jona. Da yawa daga Amurka ake kawo su, an yi su don wuta mai ƙarfin 120, tamu kuwa 230 ce.

Ɗauke wuta ba abin firgita ba ne in na 'yan sa'o'i ne. Ka lulluɓe akwatin da bargo, ka bar kafar iska. In dare ya yi sanyi, ka cika gora da ruwan ɗumi, ka naɗe ta da tawul mai kauri ka jingina a jikin gilashi ta waje. Kaskon garwashi kada ya shiga ɗakin, hayaƙinsa zai iya kashe ku ku duka. In kana da sola ko inbata, shimfiɗar ba ta cin wuta sosai, ita za ka ɗora a kai. Kuma kada ka ba mesa abinci in ba ka da tabbacin ɗumi na kwana biyu a gaba, domin ɓeran ba zai narke ba, sai ya ruɓe a cikinta ta amayar.

Mai karatu na Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, naka haɗarin a bazara yake. Tamostat tana kashe wuta, ba ta sanyaya ɗaki. In ɗaki ya haura 35 ko'ina ya zama gefen zafi, sai ka sauke akwatin ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, ka ɗora gorar ƙanƙara a naɗe a kan ragar. Akwatin gilashi a bakin taga inda rana ke bugawa yana kashe maciji cikin ɗan lokaci.

Ka haɗa komai, ka bar shi yana aiki mako guda babu dabba a ciki, kana rubuta awon asuba da na azahar da na tsakar dare. Bayan ta iso, ka riƙa duba cikinta. Yakan yi ɗan ja-ja gab da saɓa, wannan ba komai. Amma in ka ga bororo, ko ɓawo ya yi ƙasa-ƙasa yana ɗagowa, ko kana jin shessheƙa a numfashinta da majina a baki, ka cire abin ɗumin ƙasan, ka mayar da ita kan farar takarda mai tsabta, ka kai ta wurin likitan dabbobi a ranar. Kada ka shafa mata manja ko man goge baki.