AN YI WA YARO ƘANI: YADDA ZA A KULA DA JARIRI BA TARE DA AN MANTA DA YAYANSA BA

 A wannan fitowa za mu yi bayani ne a kan wani yaro da ake yawan mantawa da shi idan an yi haihuwa a gida, wato wanda aka sauke daga baya aka ɗora sabon jariri. Darasin ya shafi kowa, amma na fi yin sa ne da tunanin 'yan'uwana mata na ƙasar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, inda na fara aikin ungozoma.

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne wata baiwar Allah da ta taɓa kawo jaririnta rigakafin mako 6. Jariri kam tubarkalla, ya yi ɓul-ɓul. Amma a gefenta akwai yarinya 'yar kimanin wata 20 tana zaune shiru, gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta sun kumbura. Da na danna bayan ƙafarta da yatsa sai wurin ya lotsa, bai dawo ba. Na tambayi uwar, sai ta ce ai an yaye ta ne tun da ciki ya bayyana, aka kai ta wurin kakarta, kwanan nan aka dawo da ita. Ba don yarinyar aka zo asibiti ba, amma ita aka kwantar a ranar. Allah ya sa ta warke.

Wannan ba sabon abu ba ne. A shekarun 1930 wata likita mai suna Cicely Williams da ke aiki a Akara, a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta yi bayanin irin wannan tamowa mai kumbura jiki. Ta yi amfani da sunan da mutanen wurin ke kiranta da shi a harshen Ga, wato kwashiyoko, wanda ma'anarsa ita ce ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙani. Ke nan tun da can iyaye sun lura cewa lokacin da ake murnar sabon jariri shi ne lokacin da yayansa ya fi shiga haɗari.

1. TUN KAFIN A HAIHU

Da yawa daga cikinmu mun taso muna jin cewa nonon mai ciki yana sa yaro zawo, don haka da zarar ciki ya shiga sai a yaye yaro a rana ɗaya. Gaskiyar magana ita ce ciki ba ya lalata nono. Idan cikin lafiyayye ne, uwa za ta iya ci gaba da shayarwa muddin tana cin abinci isasshe. Sai dai idan tana zubar da jini, ko ta taɓa yin ɓari ko haihuwar bakwaini, to ta fara neman shawarar ungozoma a wurin awon ciki. Abin da ke jawo zawo da rama bayan yaye shi ne yanke nono farat ɗaya, da ba yaro kunu tsararo wanda ba shi da abin gina jiki, da rashin tsaftar abinci da ruwa.

Idan za a yi yaye, a yi shi sannu a hankali cikin makonni. A fara rage shayarwar rana, daga baya ta dare. Kada a shafa wa nono maɗaci ko ganyen darbejiya. Idan kuma al'adar gida ita ce a kai yaro wurin kaka, to ya saba da ita tukuna, kuma a haɗa shi da katin rigakafinsa da gidan sauronsa da abin da za a riƙa ƙara masa a kunu.

Yaro ɗan shekara 2 ko 3 yana fahimtar magana fiye da yadda muke zato. Idan ciki ya tsufa, ki gaya masa cewa ƙani ko ƙanwa na nan tafe. Ki gaya masa wanda zai zauna da shi ranar da za ki tafi asibiti. Idan za a sauya masa wurin kwana, a sauya tun saura wata 2 ko 3 a haihu, don kada ya ga kamar jariri ne ya kore shi.

2. KISHI BA RASHIN TARBIYYA BA NE

Bayan haihuwa za ki iya ganin yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ko ya ce sai an goya shi, ko ya nemi nono, ko ya riƙa rigima da ƙin abinci. Wani ma yakan mintsini jariri. Wannan duk hanyarsa ce ta tambayar ko har yanzu ana son sa. Yawanci abin yakan wuce cikin 'yan makonni ko watanni idan an bi shi da haƙuri. Duka da tsawa ƙara abin suke yi.

Ga abubuwan da ke taimakawa:

a) Ki ware masa ɗan lokaci kullum, ko da minti 10 ne, lokacin da jariri ke barci. Ki ɗora shi a cinya, ki yi masa tatsuniya ko wasa.

b) Ki ba shi ɗan aiki daidai ƙarfinsa, kamar miƙo zane ko hular jariri, ki kuma yaba masa.

c) Idan kina shayarwa, ki zaunar da shi kusa da ke maimakon ki kore shi.

d) Idan ya bugi jariri, ki riƙe hannunsa ki ce masa ba a yi, sannan ki nuna masa yadda ake shafa ƙafar jariri a hankali.

e) 'Yan barka da 'yan suna su daina tsokanarsa da cewa an ƙwace masa uwa, ko za su tafi da jaririn. Wasa ne a wurin manya, amma yaro da gaske yake ɗauka.

Ina girmama kunyar da iyaye mata ke yi wa ɗan fari. Amma kada kunya ta hana ki duba abin da ya ci, ko ki taɓa jikinsa ki ji ko da zazzaɓi.

3. ABINCIN YAYA

Yaro daga shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar cin abinci sau 3 zuwa 4 a rana, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani. Cikinsa ƙarami ne, ba zai iya jiran tuwon dare ba. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, babba ya zauna kusa da shi, domin idan aka haɗa shi da manyan yara kafin ya kai loma biyu sun cinye.

Abin da muke nomawa a ƙasarmu ya isa ya gina yaro: gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da zogale da kuka. A dama kunu da kauri, a sa masa garin gyaɗa ko na waken soya ko madara. A ba shi ƙwai, da wake da aka dafa ya yi laushi, da dakakken busasshen kifi a miya. A ƙara sa ido da damina kafin a yi girbi, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓi da zawo suka yi yawa.

A asibiti muna auna damtsen yara daga wata 6 zuwa shekara 5 da wani ɗan ma'auni mai launi. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko kuma ƙafafu biyu sun kumbura, tamowar ta yi tsanani, sai an sa yaro a magani. Duk ranar da kika kawo jariri rigakafi, ki zo da yayansa a auna shi.

4. HAƊURRAN DA KE CIKIN GIDAN MAI JEGO

Ruwan wanka: Babbar tukunyar ruwan wankan jego tana daga cikin abubuwan da ke ƙona ƙananan yara. Kada a bar ta a buɗe a tsakar gida, kuma kada yaro ya yi wasa kusa da murhu. Idan ƙuna ta faru, a riƙa zuba ruwa mai sanyi mai tsafta a wurin har minti 20, a rufe da tsumma mai tsafta, a tafi asibiti. Kada a shafa man goge baki ko ƙwai ko toka. Ke ma mai jego, ruwa mai ɗumi ya wadatar. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna alaƙar wanka da ruwa mai tsananin zafi da yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Kananzir da magunguna: Kada a zuba kananzir ko fetur a robar lemo. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a kai shi asibiti nan take. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba masu ciki da masu jego suna iya kashe ƙaramin yaro idan ya haɗiye da yawa, don haka a ajiye su a sama inda hannunsa ba zai kai ba.

Kafur: Kada a sa shi cikin kayan jariri, domin yana iya jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani. Yaro kuma yakan ɗauka alewa ce.

Barin yara su kaɗai: Kada a bar jariri da yaro ɗan ƙasa da shekara 5 su kaɗai a ɗaki, ko da na ɗan lokaci ne. Saboda ƙauna zai iya tura masa gyaɗa ko tuwo a baki, ko ya lulluɓe masa fuska, ko ya yi ƙoƙarin ɗaukarsa. Jariri nono zalla yake buƙata har wata 6, ko ruwa ba ya buƙata. Haka nan kada a goya wa ƙaramar yarinya jaririn da wuyansa bai yi ƙwari ba.

Wurin kwana: A kwantar da jariri a rigingine, kuma kada yayansa ya kwanta a jikinsa. Amma kada zuwan jariri ya sa a fitar da yaya daga gidan sauro. Dukkansu biyu, da uwar, su kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare.

5. KARE JARIRI DAGA CUTUTTUKA

Yaro mai yawo a unguwa shi ke kawo mura da tari da zawo gida. Ba za a raba shi da ƙaninsa ba, amma a wanke masa hannu da sabulu kafin ya taɓa jariri, kuma idan yana mura kada ya sumbaci fuskarsa. Kada ya taɓa cibiya. A shafa wa cibiya maganin kuloheksidin da ake bayarwa a asibiti kaɗai, kuma kada a kuskura a sa shi a ido.

Rigakafin yaya kariya ce ga jariri, domin jariri ba ya samun allurar ƙyanda sai ya kai wata 9. Ki duba katin yaya: ya karɓi Penta sau 3, wadda ke kare shi daga mashaƙo da tarin shiƙa da wasu cututtuka? Ya karɓi allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15? Ba mu manta da annobar mashaƙo da ta addabi Kano da maƙwabtanta a 2023 ba, ko sanƙarau da ya yi tsanani a Maigatari da Sule Tankarkar daga ƙarshen 2022 zuwa bazarar 2023. Shi kuma jariri, ranakunsa su ne ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9 da wata 15.

Da damina ma'aikata kan bi gida-gida wata-wata suna ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Na yara ne daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. A tabbata yaya ya shanye na kwana 3 ɗin, kuma kada a ɗiba a ba jaririn da bai kai wata 3 ba. Idan yaya ya kamu da zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi abinci.

A garzaya asibiti da jariri, ko da tsakar dare ne, idan:

- ya ƙi kama nono;
- yana jijjiga ko sanƙarewa;
- yana numfashi da sauri, sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙirjinsa na lotsawa;
- jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau;
- ya yi laƙwas ba ya motsi;
- jikinsa ya yi rawaya a ranar farko, ko tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya;
- cibiya ta yi ja ko tana fitar da mugunya.

6. KIRA GA MAIGIDA DA KAKANNI

Maigida, wannan lokaci naka ne. Mai jego ba za ta iya ɗaukar nauyin yara biyu ita kaɗai ba. Idan ka dawo daga gona ko kasuwa, ka fara ɗaukar babban kafin ka leƙa jariri. Ku ci abinci tare. Idan ka je kasuwar Maigatari ranar Alhamis sayen ragon suna, ka tuna da ƙwai da gyaɗar yaya, ka kuma ware kuɗin mota na ko-ta-kwana, domin tafiya daga ƙauye zuwa babban asibitin Gumel da dare ba ta yiwuwa hannu rabbana. Ka tabbata an duba uwa da jariri cikin awa 24 na farko, da kwana na 3, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da mako 6.

Idan kuka ga mai jego tana yawan kuka, ba ta barci, ba ta sha'awar yaranta har fiye da mako 2, kada a ce lalaci ne ko iska. Ciwo ne da ke da magani, a kawo ta.

Daga ƙarshe, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki. Wannan tazara tana ba uwa damar maido da jininta, yaro kuma ya sha nono ya ƙoshi kafin a yi masa ƙani. Ku zo tare da maigida a ziyarar mako 6 mu tattauna hanyar da ta dace da ku.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a, ya haɗa kansu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.