DARASIN LAFIYA: IDAN KARAYA TA SHIGO GIDANKA



Maigida, ranar da wani ya karye a gidanka, kai kowa zai zuba wa ido. Goggo ta ce a kira mai ɗori, maƙwabci ya ce asibiti yanke ƙafa suke yi, aljihu kuma yana tasa maganar. Abin da ka yanke a awannin farko sau da yawa shi ke raba wanda zai warke sarai da wanda zai nakasa. Bari mu bi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya.

*1. Jariri*
Akwai jaririn da ake haifa tafin ƙafarsa a murɗe ya kalli ciki. Ba aikin iska ba ne, ba kuma laifin uwa ba. Ana gyara shi da hanyar da ake kira Ponseti: likita ya riƙa miƙe ƙafar a hankali, ana sa filasta ana canzawa duk mako, kamar sau 5 zuwa 8, daga nan sai takalmi na musamman da zai riƙa kwana da shi har wajen shekara 4. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka a kai shi tun makonnin farko.

*2. Yaro*
A nan ne aka fi yin kuka. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ya dafa ƙasa, ya karye a saman gwiwar hannu. Aka jera kara, aka ɗaure tamau. Wurin karaya dole ya kumbura, ɗaurin kuma ba ya sakewa, sai ya shaƙe jijiyoyin jini. Yaro na ihu cikin dare, manya na cewa "yi haƙuri, ƙashi ne ke kamawa." Alhali naman da jini ya daina isa gare shi yana fara mutuwa cikin kamar awa 6. Bayan kwanaki hannu ya yi baƙi, ya fara wari, sai a kai asibiti lokacin da ba abin da ya rage sai yankewa. Daga nan a ce asibiti ne suka yanke, a manta da ɗaurin.

Ko na mai ɗori ne ko filastar asibiti, ka lura da waɗannan:
• ciwo na ƙaruwa, magani ba ya kwantar da shi
• ya yi ƙara idan an miƙe masa yatsu
• yatsu sun kumbura, sun yi sanyi ko sun canza launi
• ya ce ba ya jin yatsunsa
Ka ga ko ɗaya, a sassauta ɗaurin, a tafi asibiti a daren. Kada a jira gari ya waye.

*3. Matashi*
Mafi yawa hatsarin babur ne. Idan ƙashi ya huda fata, kada a tura shi ciki, kada a barbaɗa garin magani ko toka. A rufe da tsumma mai tsabta, a tallafe gaɓar da katako ba tare da matsewa ba, a garzaya. Yana buƙatar wankin ciwo, allurar tetanus da maganin ƙwayoyin cuta. Wanda ke kukan wuya ko baya kuwa, kada a ciccibe shi a naɗe, a ɗauke shi a miƙe a kan abu mai ƙarfi.

*4. Tsoho*
Inna ta zame a banɗaki, ta kasa tashi, ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje. Wannan alamar karayar ƙugu ce, ba targaɗe ba. Barin ta a tabarma wata da watanni na jawo gyambon kwanciya, ciwon huhu da daskarewar jini. Aiki cikin kwana ɗaya ko biyu ya fi, don ta samu ta tashi da wuri.

*Kafin komai, hoto*
Hannu ba ya ganin cikin ƙashi. A ɗauki hoto tukuna. Idan abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, akwai irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ƙashin yaro kan haɗe cikin mako 3 zuwa 6, na babba 6 zuwa 12. A ba majinyaci nono, ƙwai, wake, zogale, riɗi da ƙananan kifi, ya riƙa shan hantsi. Mai shan taba ya daina, tana jinkirta haɗewar ƙashi.

*Ibadar majinyaci*
Kada filasta ta sa ya bar sallah. Ya wanke gaɓoɓin da ke da lafiya, ya shafi saman ɗaurin da jiƙaƙƙen hannu sau ɗaya. In ba zai iya tsayuwa ba ya zauna, in ya kasa ya kishingiɗa. Manzon Allah (SAW) da kansa ya taɓa faɗowa daga kan doki, gefensa na dama ya ƙuje, ya yi sallah a zaune. Neman magani wurin masu ilminsa bai saɓa wa tawakkali ba.

Ku kuma masu jinya, ku riƙa juya shi, ku tausasa harshe, ladanku na wurin Allah.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kare mu daga tsautsayi. A tura wa 'yan uwa, musamman masu ƙananan yara.