Tsohuwar motar da mamaci ya bari: a ƙiyasta ta kafin a taɓa ta

A gidaje da yawa na Kaduna, Kano da Zariya akwai tsohuwar Fijo ko Marsandi a bayan gida, an lulluɓe ta da tamfol tun ranar da maigidan ya kwanta dama. Aikina gyaran motoci ne da ƙiyasta kuɗinsu, kuma magada kan kira ni idan an zo rabon gado. Abin da nake gani yana damuna. Wasu su sayar wa 'yan gwangwan da motar a kan kilo, alhali ta fi haka daraja nesa ba kusa ba. Wasu kuma su ɗora mata farashin da babu mai saye, ta zauna tana tsatsa har ta koma abin da 'yan gwangwan ɗin kawai za su ɗauka. Duka biyun asara ce, kuma sau da yawa dukiyar marayu ce take salwanta.

Da farko a gane cewa motar nan tarika ce. Ba ta babban ɗa ba ce don shi ke riƙe da makulli, ba kuma ta wanda ya saba tuƙa Baba ba ce. Sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura. Matar mamaci tana da tumuninta a cikin motar idan akwai 'ya'ya, 'ya'ya mata suna da nasu, jaririn da ke goye ma yana da nasa. Wanda yake son ya riƙe ta don tunawa da mahaifinsa, babu laifi, amma a yi mata kuɗi na gaskiya a cire daga kasonsa, ko ya cika wa 'yan'uwansa.

Tsufa kaɗai ba ya sa mota tsada. Ɗauki Fijo 504. Ta fito a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai a 1969, ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, shekarar da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Gwamnatin soja ta ƙarshen shekarun 1970 ta mai da ita motar manyan ma'aikata, kuma an ci gaba da haɗa ta a Kaduna shekaru da dama bayan Turawa sun daina. Saboda haka tana da yawa a ƙasar nan. Wadda ta yi tasi ko ta yi jigila tsakanin Kano da Jos har bodinta ya sha walda, kuɗinta na kayan gyara ne. Amma wadda tsohon ma'aikaci ya riƙe shi kaɗai, da fentinta na kamfani da kujerunta na asali, irinta ta yi ƙaranci, masu sha'awa kuma suna nemanta. In kuwa mai ƙofa biyu ce ko mai buɗaɗɗen sama, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya ƙera bodinsu, to wannan wani zance ne daban, kada a yi gaggawa ko kaɗan. Haka Marsandi samfurin W123 da aka yi daga 1976 zuwa 1986, da Volkswagen Beetle da aka harhaɗa a Legas, suna da masu nema idan bodin yana da lafiya.

Idan na je duba mota, ba inji nake fara buɗewa ba. Inji ana gyara shi, kayan Fijo kuma ana samu a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano. Bodi ne mai wuya. Nakan ɗaga kafet in duba ƙasa, in duba gindin ƙofofi, da ramin safayar taya a but, da wurin zaman batir. Nakan bi jikin motar da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, fanabita ya cike wurin da foti. Sai in gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke cikin takardu. Mita ba abin dogaro ba ce, don da yawa daga cikin motocin wancan zamani lambobi biyar gare su, idan sun kai 99,999 sai su koma sifili. Robar birki da ta kuloci da kujerar direba sun fi mita faɗin gaskiya.

Akwai abubuwa biyu da nake roƙon magada kada su yi. Na ɗaya, kada a sa batir a murza makulli don a ji ko tana tashi. Motar da ta shekara biyar a ajiye, fetur ɗinta ya lalace, baƙin mai ya sauka ya bar injin a bushe, ɓeraye sun ci wayoyi, man birki ya sha ruwa. Murzawa ɗaya tana iya kashe injin da yake lafiyayye, ko wuta ta tashi. Bakanike ya fara juya injin da hannu, ya canza mai, ya wanke tanki da kafireto. Na biyu, kada a kai ta fenti. Mai sayen tsohuwar mota ya fi son fentin kamfani ko da ya koɗe, domin sabon fenti yana sa shi zargin an rufe tsatsa ko haɗari. A wanke ta kawai. Littafinta na kamfani, rasit ɗin saye, jak da sifana na asali, makulli na biyu, har hoton marigayin a jikinta, duk a tattara, suna ƙara mata daraja.

Wajen farashi, a kira masana biyu ko uku waɗanda ba su da niyyar saye. Mai ƙiyasta mota kuma ya taya ta da kansa, ba alƙali ba ne a wannan ciniki. A biya mai ƙiyasin ladan aikinsa, ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu. A tambaye shi kuɗi uku: nawa ce a matsayin ƙarfe, nawa ce idan an wargaza ta kayan gyara, nawa ce ga mai sha'awa. Farashin da ake gani a intanet na gwanjon Ingila ko Amurka na motocin da aka kashe wa maƙudan kuɗi ne, kuma abin da mai kaya ya sa daban yake da abin da aka saya.

Idan an zo sayarwa, duk magada su amince a rubuce, waliyyin yara ƙanana ya tsaya musu. In akwai saɓani, a kai gaban alƙalin kotun shari'a, shi zai sa a ƙiyasta. A yanke la'adar dillali tun kafin ya kawo mai saye. A rubuta yarjejeniya da lambar shasi da shaidu. Kada a saki mota ko takardunta na asali saboda saƙon waya, sai an tabbatar a banki kuɗi sun shiga. Sannan a je ofishin lasisi a yi canjin mallaka, don kada wata rana a aikata laifi da motar a zo neman sunan mamaci. A faɗa wa mai saye duk aibin da aka sani, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Jinkiri ma zalunci ne. Kowace damina tana cin kason maraya a jikin ƙarfen nan. In akwai irin wannan mota a gidanku, ku zauna da 'yan'uwa cikin watan nan, ku kira masani, ku ba kowa haƙƙinsa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a abin da suka bari.